Allon Harbi Mai Ba da Shaida da Kansa

Duk wanda ya taɓa bin mafarauta zuwa dajin Ƙonni ko duwatsun Adar, a lokacin da aka kawar da amfanin gona magabata suka ba da izinin buɗe daji, ya san cewa wahalar farauta ba ta ƙarewa da faɗuwar nama, domin sau da yawa a daidai wannan lokaci ne ake soma wata shari'a wadda ta fi bin sawu wuya, wato shari'ar gano wanda kibiyarsa ta riga ta kowa shiga jikin dabbar. Mutum uku sun saki kibau a kan barewa ɗaya, kowannensu ya rantse shi ya same ta, kuma ba lalle ne a ce akwai maƙaryaci a cikinsu ba, gama ido yana da iyaka, zuciya kuwa takan gaya wa mai ita abin da yake son ji. Saboda haka ne maharba suke yi wa kibansu alama, saboda haka ne kuma ake da Sarkin Baka da dattawan dawa waɗanda ake kai wa irin wannan husuma su raba. Matsalar tsohuwa ce ƙwarai, ba kuma ta Hausawa kaɗai ba ce, domin ko'ina aka yi harbi, na farauta ne ko na gasa ko na horon soja, da zarar an saki sai a nemi sanin inda abin da aka harba ya sauka, da kuma wanda zai ba da shaidar haka har kowa ya yarda.

Malamanmu na fiƙihu ba su ɗauki wannan al'amari abin wasa ba. Ɗalibin da ya yi nisa cikin Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan Ƙonni da Tawa da Sakkwato, zai tarar da babi guda a kan musabaƙa yana biye da hukunce-hukuncen jihadi, inda aka halatta sanya kyauta a tseren dawaki da na raƙuma da kuma gasar harbin kibiya, amma bisa sharaɗin a ayyana mai harbi tun da fari, a ayyana adadin samun da zai sa mutum ya ci, a kuma bayyana irin samun da za a lissafa, ko wanda kibiya ta huda ta faɗi, ko wanda ta huda ta tsaya, ko waninsu. Hikimar waɗannan sharuɗɗa a fili take: shari'a tana ƙin jahilci da garari a duk inda dukiya za ta fita daga hannun wani zuwa na wani, tana kuma toshe ƙofar jayayya tun kafin a buɗe ta. Ban da wannan, hadisi ingantacce ya hana a ɗaure abu mai rai a mayar da shi abin gwajin harbi, sai ya zama allo ko fata ko tudun ƙasa su ne abin da Musulmi zai koyi bara a kansu. Wannan ƙasa tamu kuwa ba baƙuwar baka ba ce. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 'yan baka ne suka fi yawa cikin jama'arsa, su ne suka tsaya gaban dawakin Gobir masu lifidi.

Da bindiga ta zama makamin kowane soja, sai Turawa suka gamu da matsalar a siffa mafi tsanani, domin kibiya tana tsayawa inda ta shiga har mai ita ya je ya gan ta, alhali harsashi wucewa yake yi ya bar 'yar huda wadda ba mai iya hangenta daga nisan mita ɗari uku. A Ingila, inda aka soma babbar gasar harbi ta shekara-shekara a Wimbildon cikin 1860, Sarauniya Biktoriya da kanta ta ja igiyar da ta tashi bindigar farko, allunan wancan lokaci na ƙarfe ne da ake shafa wa farin fenti, masu duba su kuwa suna fakewa bayan garkuwar ƙarfe dab da su, ɓarɓashin dalma yana fantsama ta ko'ina. Daga baya aka koma ga dabarar da rundunonin duniya suka daɗe a kanta, wadda tsofaffinmu da suka yi soja a zamanin Faransi da na Ingilishi suka sani sarai: a haƙa dogon rami a gindin allunan, a tsare gabansa da tudun ƙasa, a zaunar da mutane a ciki, in an yi harbi su janyo allon ƙasa, su nemi hudar, su liƙe ta da takarda, su mayar da allon sama, sa'an nan su ɗaga sanda mai faifai a kai su nuna wa mai harbi inda ya samu da makin da ya ci, in kuma suna son a dakata sai su ɗaga jan tuta.

Wannan tsari ya yi aiki, amma aibinsa ba ya ɓoyuwa. Mafi girma shi ne an zaunar da ɗan Adam a ƙarƙashin hanyar harsashi, ransa yana rataye ga bin ƙa'idar mutanen da ba ya ganinsu ba sa ganinsa, ga harsashin da ya bugi dutse ko ƙarfe ya karkace bai san aboki ba. Sa'an nan ga jinkiri, domin rabin yini yana tafiya wajen sauke allo da ɗaga shi. Kuma mutumin da ke cikin rami, komai amanarsa, yana gajiya, rana tana dukansa, yana iya ɗaukar tsohuwar huda a matsayin sabuwa, ko harsashi biyu su bi kusan rami ɗaya ya ƙirga su guda. In kuwa amanar ta yi rauni, to, ba abin da zai hana shi ƙara wa abokinsa maki ya rage wa wanda ba ya so. Daga nan masu ilmin sana'a suka shiga neman allon da zai ji harbi da kansa, ya kuma faɗa da kansa, ba tare da an sa ran kowa cikin haɗari ba.

Dabara mafi sauƙi, wadda duk yaron da ya taɓa haɗa batir da ƙwan tocila zai gane ta, ita ce ta rufe hanyar wuta. Ana yin allon da shimfiɗa biyu na abin da lantarki ke ratsawa, a raba tsakaninsu da siririn abin da ba ya ratsawa, a haɗa kowace shimfiɗa da waya. Muddin ba abin da ya sada su, wuta ba ta gudana. Harsashi kuwa ƙarfe ne, lokacin da yake ratsawa akwai wani ɗan taƙi da kansa ya riga ya taɓa shimfiɗar baya alhali gindinsa bai rabu da ta gaba ba, a cikin wannan taƙi wuta take bi ta jikinsa ta wuce, sai ƙararrawa ta kaɗa ko fitila ta kama a gaban mai harbi. In an raba fuskar allon yanki-yanki, kowane yanki da wayarsa da fitilarsa, sai a san ko tsakiya aka samu ko gefe. Iyakar abin da wannan allo zai iya ke nan, yana faɗin yanki amma ba ya faɗin ainihin wuri, kuma yawan huda yana cinye shi. Ɗan'uwansa shi ne allon da ke tashi ya faɗi, wanda sojan Amurka suka yawaita aiki da shi tun shekarun 1950 cikin wani tsarin horo da aka gwada a barikin Fort Benning: injin lantarki yana ɗaga allon na 'yan daƙiƙu a nisa dabam-dabam, wata 'yar na'ura mai jin girgiza tana manne a gindinsa, in harsashi ya buge shi ta ji, sai injin ya kwantar da shi, a kuma rubuta samu ɗaya.

Amma dabarar da ta canja fagen harbi gaba ɗaya ta sauraro ce, kuma ita ce ta cancanci mu tsaya a kanta. Mai karatu ya tuna da abin da ya saba gani: in ka hango mace tana daka daga nesa, kana ganin taɓarya ta sauka cikin turmi, sai bayan ɗan lokaci ƙarar ta iso kunnenka, kuma gwargwadon nisanka gwargwadon jinkirin. Dalili shi ne sauti tafiya yake yi, gudunsa kuma sananne ne, wajen mita 343 cikin daƙiƙa guda in zafin iska yana kan digiri 20. To, sai aka ƙera allon a siffar akwati marar kauri, aka rufe gabansa da bayansa da roba ko baƙar takarda, aka dasa makirfo huɗu a kusurwoyinsa huɗu daga ciki. Lokacin da harsashi ya huda robar ya shiga akwatin yana haifar da ƙara, ƙarar tana bazuwa ta kowane ɓangare da gudu ɗaya, makirfon da ya fi kusa da hudar shi ne zai riga ji, wanda ya fi nisa shi ne na ƙarshe. Kowane makirfo yana da agogonsa na lantarki, kwamfuta kuma tana karɓar bambancin da ke tsakanin lokutan nan huɗu, ta yi hisabi, ta fitar da wuri guda tak a fuskar allon wanda daga gare shi kaɗai ne sauti zai iya isa kunnuwan nan huɗu bisa wannan jeri da wannan tazara. Uku sun isa a gano wurin, na huɗu kuwa yana gaskata 'yan'uwansa ko ya tona kuskurensu. Duk wannan yana ƙarewa tun kafin mai harbi ya ɗauke kuncinsa daga gindin bindiga, sai ya ga ɗigo ya bayyana a gilashin da ke gefensa, ga maki a rubuce. Bayan kowane harbi kuma wani ɗan inji yana jan robar ko takardar gaba kaɗan, domin akwatin ya zauna a rufe, sabon harsashi ya sami sabon wurin hudawa.

Domin a san irin lissafin da ake nema ga wannan na'ura, sai mu dubi gasar bindigar iska ta wasannin Olamfik. Nisan mita 10 ne, ƙwayar dalmar da ake harbawa faɗinta milimita huɗu da rabi, tsakiyar allon kuwa, wadda ke ba da maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Gwanayen duniya sun kai matsayin da kusan kowane harbinsu goma ne, har ya zama dole a raba goman kanta gida goma, daga 10.0 zuwa 10.9, tazarar da ke tsakanin gida da gida kuwa rubu'in milimita ce. Sauti yana cin rubu'in milimita cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba, ashe ke nan agogon da ke cikin allon dole ne ya iya rarrabe lokacin da ya fi wannan ƙanƙanta. Harbi 60 ake yi a zagayen farko, mafi yawan makin da za a iya samu 654 ne, kuma sau da yawa abin da ke raba wanda ya shiga zagayen ƙarshe da wanda ya koma gida bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Ba idon alƙalin da zai iya yanke irin wannan hukunci nan take a gaban jama'a.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna ƙasar zafi. Gudun sauti ba a tsaye yake ba, yana ƙaruwa da fiye da rabin mita cikin daƙiƙa ga kowane digiri guda da zafi ya ƙaru. Da asubahin hunturu a kwarin Magiya, lokacin da sanyi ya sauka zuwa digiri 15, gudunsa wajen mita 340 ne. Da azahar ɗin watan Afrilu a Ƙonni, in zafi ya doshi 45, ya kai wajen 358. Allon da bai san wannan ba zai yi hisabi da gudun da ba shi ne ba, ya kuma ba da shaidar kuskure cikin cikakken yaƙini. Shi ya sa masu ƙira suke sanya ma'aunin zafi a cikin akwatin, ko su sa kwamfuta ta ciro gudun sautin daga jin makirfo na huɗu.

Sojoji suna da irin nasu wanda ba ya bukatar akwati. Harsashin Kalashnikov yana fita da gudun da ya haura mita 700 cikin daƙiƙa, wato ninki biyu na gudun sauti, duk abin da ya fi sauti gudu kuwa yana tsaga iska ya bar wata ƙara mai kaifi a duk tsawon hanyarsa. Sai a shimfiɗa jerin makirfo a ƙasa gaban allon, bayan tudun da ke kare su, su saurari wannan tsagawa. Fa'idar wannan babba ce, domin yana faɗin inda harsashi ya bi ko da bai taɓa allon ba, ya ce kamu ɗaya ta dama ya wuce ko ta sama, alhali a tsohon tsari wanda ya kuskure ba ya samun labarin komai sai cewa ya kuskure, ba ya kuma sanin ta ina zai gyara. Sabuwar ƙira kuma ta bar sauti ta koma ga haske: firam ne wanda aka cika tsakiyarsa da zaren hasken da ido ba ya gani, ko na leza, harsashi in ya wuce sai ya yi inuwa a kan wasu zaren, daga inuwar a san wurinsa da faɗinsa. Kamfanin Sius na Suwizalan, da Meyton na Jamus, da Megalink da Kongsberg na Norwe, su ne suka shahara da waɗannan ƙere-ƙere, ba kuma haka kawai ba, domin a Suwizalan doka ta ɗora wa masu bautar soja gwajin harbi kowace shekara a filayen mita 300 na garuruwansu, a Norwe kuma dubban mutane suke taruwa gasar harbi ta ƙasa, bukata ce ta haifi sana'ar. Tun farkon shekarun 1990 irin waɗannan alluna suka shiga wasannin Olamfik.

Abin da ya faru a birnin Atina na Girka cikin 2004 ya isa misali ga irin shaidar da allon yake bayarwa. A zagayen ƙarshe na gasar bindiga ta mita 50, wani Ba'amurke mai suna Matthew Emmons yana gaba da tazarar maki uku, saura harbi ɗaya, ko matsakaicin samu ya yi zinariya tasa ce. Ya ja kunama, amma gilashinsa bai nuna komai ba. Alƙalai suka bincika, sai suka tarar allon maƙwabcinsa ɗan Ostiriya ya rubuta harbi biyu, ashe yana layi na biyu ya auna allon layi na uku. Aka ba shi sifiri, ya faɗo zuwa na takwas, zinariya ta tafi ga Jia Zhanbo na ƙasar Sin. Na'urar ba ta san sunansa ba, ba ta san girman ƙasarsa ba, ba ta kuma san cewa ya fi kowa iyawa a wannan rana ba. Abin da ta ji shi ta faɗa, shi kuma ya karɓi hukuncin.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka an sallama wa ƙarfe hukunci baki ɗaya. A shari'a shaida ba ya karɓuwa sai an yi masa tazkiyya, an san adalcinsa da kiyayewarsa, kuma ƙungiyar harbi ta duniya, wadda aka kafa a 1907, ta bi wannan tafarki ko da ba ta kira shi da wannan suna ba. Ba a aiki da allo a babbar gasa sai an jarraba ƙirarsa an amince da ita, ana gwada kowane allo kafin a soma, sa'an nan ana ajiye farar takarda a bayansa wadda harsashi zai huda bayan ya wuce, domin in mai harbi ya yi ƙorafi alƙalai su ɗauko takardar su gwama hudar da abin da kwamfuta ta rubuta. A ganina wannan takarda ita ce mafi hikimar abin da ke cikin tsarin duka, domin ikirari ce daga masu na'urar cewa waya tana tsinkewa, makirfo yana kurumcewa, kuma mutumin da ya saita na'ura yana iya saita ta bisa son zuciyarsa. Allon lantarki ya ɗauke amana daga wuyan mai zaman rami ya ɗora ta a wuyan mai saiti da mai gyara, bai kawar da bukatarta ba.

Mutanen Nijar sun riga sun ɗanɗani amfanin irin wannan shaida, ko da yake ba a fagen bindiga ba. A duniya masu wasan takobi ne suka riga kowa, tun wasannin Balin na 1936 ake haɗa takobinsu da waya fitila ta kama in tsini ya taɓa jiki. Wasan takwando kuwa ya daɗe yana fama da jayayya, har a Bejin cikin 2008 wata 'yar Ingila ta shuri abokiyar karawarta a fuska alƙalai ba su lissafa ba, sai bayan an duba hoto aka juya hukunci. Daga wasannin Landan na 2012 aka sanya wa 'yan wasa sulken ƙirji mai jin bugu da safa mai maganaɗisu, a Riyo cikin 2016 aka ƙara da hular kai mai irin wannan ji. A ƙarƙashin wannan tsari ne Abdurrazaƙ Isufu Alfaga ya kai karon ƙarshe a Riyo ya ɗauko azurfa, shekara 44 bayan tagullar da Isaka Dabore ya ciwo da dambe a Munik cikin 1972, a shekarar da ta biyo kuma ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Ba na'ura ce ta ba shi nasara ba, ƙafarsa da horonsa ne. Amma ɗan ƙasa matalauciya, wanda ba shi da mai tsaya masa a teburin alƙalai, shi ne ya fi kowa cin ribar shaidar da ba ta duban tuta.

Na san wani zai ce, a ƙasar da ta gaji da ƙarar bindiga, wane alheri ke cikin bayanin allon harbi? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa garin da ya fi Birnin Ƙonni cancantar yin ta, garin da rundunar Faransi ta Voulet da Chanoine ta afka wa a watan Mayu na 1899 ta karkashe jama'arsa masu yawan gaske, ga kuma ƙauyukan iyaka, ta wajenmu da ta wajen Illelar Sakkwato, waɗanda 'yan bindiga suka hana barci a shekarun nan. Amsata ita ce, tun da ya zama dole hukuma ta ba samari bindiga su tsare mu, to, haƙƙinmu ne a kanta ta tabbata sun san inda harsashinsu yake sauka. Sojan da bai iya bara ba yawan harbi yake yi domin ya rufe rashin iyawarsa, harsashin da ya ɓace kuwa ba ya komawa cikin bindiga, wani wuri yake sauka, kuma a garuruwanmu na katangar laka da danni wannan wuri yakan zama ɗakin wani. Allon da yake rubuta kowane harbi, samu da kuskure, da sunan mai shi da ranar da ya yi, yana ba shugaban runduna hujja a hannu ta sanin wanda ya isa a tura shi cikin jama'a da wanda ke bukatar ƙarin wata guda. A filayen zamani ana cakuɗa allunan da za a harba da waɗanda ba za a harba ba, a kuma rage wa mutum maki in ya taɓa na biyun, wato ana horar da shi ga riƙe yatsa kamar yadda ake horar da shi ga sakinsa. Akwai kuma wata maslaha da ba a cika ambata ba: in an fitar da harsashi dubu daga rumbu da sunan horo, na'ura kuma ta ji ɗari shida, to, an sami tambayar da wani zai amsa, a yankin da kowa ya san harsashin da ya sulale daga hannun hukuma ba ya faɗawa hannun kirki.

Game da wasa kuwa, ba sai an kawo harsashi kusa da yara ba. Tun wasannin Landan na 2012 masu gasar Olamfik ta fannoni biyar suka bar dalma suka koma ƙaramar bindiga mai fitar da hasken leza kawai, allon yana jin hasken ya kunna koriyar fitila ko ja, ba ƙara, ba rauni, ba kuɗin harsashi. Abin da yaro yake koya a nan natsuwa ce, da sarrafa numfashi, da ladabin kada ya taɓa juya bakin makami wajen mutum ko da wasa, da kuma karɓar sakamakon da ba ya iya musunsa. Ƙasar da ta ɗauki kokawar ƙauye ta mayar da ita gasar cin takobi ta ƙasa, wadda aka soma a Tawa cikin 1975, ba za ta kasa yi wa baka da kibiya irin wannan gata ba, tun maharban Adar da na Ƙonni da suka gaji sana'ar suna da rai. Ba na cewa a fifita wannan a kan rijiya ko asibiti, kuma allunan kamfanonin Turai suna da tsada ƙwarai. Amma allo mai rufe hanyar wuta, har ma da mai makirfo huɗu na gwaji, ba su fi ƙarfin ɗaliban fasaha na jami'ar Tawa da na makarantun koyon sana'a ba, in sun sami malamin da zai ɗora su a kai, ilmin lissafi da na lantarki da za su samu a wajen ƙera shi kuma zai yi musu amfani a ayyukan da ba su da alaƙa da harbi ko kaɗan.

Saura maganar wuta da ƙura. Yanke wutar da Nijeriya ta yi wa Nijar a watan Agusta na 2023 ya koya mana kada a gina abin da ba ya aiki sai da layin waje. Sa'a kuwa waɗannan alluna ba su da cin wuta, batir da farantin hasken rana sun ishe su, mutanen Malbaza kuma, waɗanda tashar hasken rana mai megawat 7 take ƙasarsu tun 2018, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba, musamman ga allon haske wanda ƙurar hunturu za ta rufe wa ido, zafin bazara kuma yana busar da roba ya tsattsage ta.

Saboda haka kirana ga hukumomin jihar Tawa, da shugabannin rundunonin tsaro, da masu kula da wasanni da makarantu a Ƙonni da Malbaza da Illela, shi ne duk ranar da za ku sayi irin wannan allo kada ku karɓe shi bisa gwajin da aka yi masa a ƙasar sanyi. Ku sa a kafa shi a nan a gwada shi da azahar cikin Afrilu da kuma asubahin hunturu, ku ajiye farar takarda a bayansa ku riƙa gwama shaidarta da tasa, ku nemi robar canji da makirfon canji tun cikin cinikin farko, kuma kada ku sallami mai sayarwa sai ya koya wa 'ya'yanmu gyaransa da saitinsa.